Gida Ɗaya, Murya Ɗaya

Tana tsaka da matse wani zanin gado ta ji motar lasifika ta kutso cikin unguwar. Muryar mai maganar har ta dishe, amma bai fasa ba.

"Jama'a, an dawo muku da mulki hannunku! Daga yau ba wanda zai zauna a ofis ya yanke muku hukunci. Inda za a kafa famfo, inda za a yi kwalbati, inda za a zuba shara, ku za ku zauna ku zaɓa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo!"

Mai Wankau, kamar yadda unguwa ke kiranta, ta yarfe kumfar hannunta ta ce, "Allah ya sa alheri," ta ɗaga zanin ta shanya. Ita dai mulkinta bai wuce ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida a can ƙuryar gidan su marigayi mijinta ba. Igiyoyin shanya, baho biyu, teburin guga, sai taga mai kallon wani ɗan fili a bayan katanga. Da wannan take riƙe kanta da 'yarta, wata siririyar yarinya da ake ce wa Tsuntsuwa saboda bakinta ba ya hutawa. Kayan ma'aikatan asibiti, fararen rigunan malamai, labulen masu hali, duk wajenta ake kawowa, don an san in ta wanke abu ta goge, har ƙanshin rana yake yi.

Sashen gaba, mai falo da rumfa a bakin titi, na yayan mijinta ne. Tsohon masinja ne a wani ofishi. Ya gama aikinsa bai taɓa sa hannu a kan komai ba, amma ya kwaso maganar manya kaf ya dawo da ita gida. Ko gishiri zai ce a miƙo masa sai ya fara da "bisa ƙa'ida". Shi ya sa aka laƙaba masa Malam Ƙa'ida, shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

A rumfarsa aka yi taron farko. Daga inda take guga ba ta jin abin da ake cewa, sai hayaniya tana tashi tana sauka. Can ta ji an kaure da tafi raf-raf-raf kamar an ci ƙwallo. Ta ce a ranta, lalle an samu abin arziki.

Kashegari da safe wani abu ya zube rijif a gindin tagarta. Ta leƙa ta ga wani mutum yana karkaɗe baro. Ledoji, ɓawon albasa, tsummokara, da wata matacciyar kaza ta yi ɗai-ɗai a sama.

"Bawan Allah, lafiya? Nan fa bayan ɗakin mutane ne."

"Nan aka ce, baiwar Allah. Jujin unguwa ke nan yanzu. Shugaba ne da kansa ya bayar."

"Wane shugaba?"

"Mai gidanku mana. Ke ba ki ji tafi ba jiya?"

Ta zagaya sashen gaba ta iske matar Malam Ƙa'ida, wadda take kira Anti, tana wanke-wanke. Anti ba ta jira tambaya ba, ta kwashe labari ta ba ta, fuskarta fal murna. Wai kowa ya ce famfo a ƙofarsa, juji kuwa a ƙofar maƙwabci. Aka yi ta cacar baki har mahauci da mai kemis suka kusa ba hammata iska. Sai Malam ya miƙe ya ce shi ya sadaukar da bayan gidansa saboda al'umma. Nan take aka ɗaga hannu aka ba shi shugabancin kwamiti.

"Da kin ga mai aski, har da ƙwalla," in ji Anti. "Ya ce irin Malam sun ƙare a duniya."

Ta sami Malam Ƙa'ida a rumfa, ya sa sabuwar hula, ya jera biro uku a aljihun gaba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa murna, sannan ta ce, "Yaya, filin nan da aka bayar, tagata ce a kansa."

"Bisa ƙa'ida, ƙanwata, ba ni na kai juji can ba. Jama'a ce. Ni wane ne da zan ja da jama'a?"

"An ce kai ka miƙe ka bayar."

"Gidan nan ne ya bayar. Tsarin shi ne gida ɗaya, murya ɗaya. Aka tambayi gidan nan, gidan nan ya amsa."

"Ni ban ji an tambaye ni ba, Yaya."

Ya yi dariya irin wadda ake yi wa yaro. "To ke gida ce? Ke ai cikin gida kike. In aka ce kowane ɗaki sai ya yi magana, yaushe za a gama? Kwantar da hankalinki, na ɗan lokaci ne. Mota za ta riƙa zuwa tana kwashewa."

Mota ba ta zo ba. Barori dai ba su fasa zuwa ba. Mutanen unguwa suka rungumi sabon 'yancinsu hannu bibbiyu, har wanda bai taɓa share ƙofar gidansa ba ya nemo tsintsiya. Juji ya taso ya kai gindin taga, ya wuce. Mahauci ya gano cewa nan ya fi masa kusa da inda yake kai tarkacen yankansa a da. Ƙudaje suka yi sallama suka shigo da iyalansu. Ta shanya farar riga tas, kafin ta juya sun yi mata ɗige-ɗige, ta sauke ta sake wankewa da sabulunta. Iska ta kwaso leda ta liƙa a jikin labulen mutane. Ta toshe tagar da kwali, ɗakin ya koma kamar tanda, warin kuma bai nemi izinin kwali ba.

Da abin ya yi tudu, sai wani mai kishin unguwa ya cinna masa wuta don ya ragu. Tun daga ranar wutar ba ta mutu ba. Ba ta ci bal-bal, tana dai cin ciki a hankali, tana fitar da wani baƙin hayaƙi mai ɗacin roba, wanda ke tsallako katanga ya kwanta a kan igiyoyinta kamar an aiko shi.

Wata nas ce ta fara dawo da kaya. Ta tsaya daga bakin ƙofar baya, gyale a hanci.

"Don Allah kar ki ji haushi. Jiya wani mara lafiya ya tambaye ni ko daga gobara na fito. Bari dai in ɗan huta da kawowa, in abin ya gyaru kya gan ni."

Bayanta matar hedimasta ta ce 'yar aikinsu ta koyi wanki. Masu labule ba su ce komai ba, sun dai daina aikowa. Ta koma shanya a cikin ɗaki, kayan suka riƙa bushewa da warin danshi. Tana nan tana fama da wannan, Tsuntsuwa ta fara tari. Da farko ɗan ƙyaf-ƙyaf, daga baya ya zama irin wanda ke tanƙwara yaro gida biyu. Yarinyar da ake roƙo ta yi shiru, yanzu in ta fara labarin makaranta sai ta tsaya a tsakiya ta nemi numfashi, ta ce, "Umma, bari in huta, zan ƙarasa miki."

Ta koma wajen Anti, don ta ji an ce dole kowane kwamiti ya sa mace.

"Ni ce macen," in ji Anti, tana gyara ɗaurin ɗankwali.

"To Anti, ki yi mana magana mana. Kin dai ji tarin yarinyar nan."

"Wallahi ina ji, har cikin raina. Amma ni fa ban taɓa zuwa taron ba. Ya ce kar in wahalar da kaina, ga girki ga yara. In an zo ɗaga hannu sai ya ɗaga biyu, na dama nasa, na hagu nawa." Ta shiga ɗaki ta fito da wata kwalba da ɗan ragowar turare a gindinta. "Ungo, ki riƙa fesawa. Haƙuri dai, ƙanwata. Mai haƙuri shi kan dafa dutse."

Ta karɓi kwalbar don kar a ce ta raina, ta ajiye ta a kan taga.

Ranar da ta ga yarinyar ta bar abinci saboda tari, ta sa mayafi ta hau mota zuwa ofishin tsaftar gari. Ta sami dubagari zaune ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa, yana ɓare lemo. Ya saurare ta tsaf, har da girgiza kai.

"Kayya! Da a da ne, yanzu zan ɗauki hulata in bi ki. Juji a gindin taga? Haramun. Amma an karɓe mana, an mayar muku. Yanzu ku ne gwamnati. Ki je wajen shugaban kwamitin unguwarku."

"Shi ne ya ba da wurin, ranka ya daɗe."

"To ki sami mai gidanku ya shiga tsakani."

"Shi ne mai gidan namu."

Dubagari ya ajiye lemon, fuskarsa ta washe. "Ah, to ai ke kin huta! Mutane na neman hanyar ganin shugaba, ke kuna gida ɗaya. Me ya kawo ki nan da rana tsaka?"

A mota tana dawowa ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Wannan shi ne rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Da taro ya zagayo, ta yi abin da ba a taɓa gani ba. Ta riƙo hannun Tsuntsuwa ta zagayo ta titi, ta tsaya a bakin rumfa. Maza sun cika benci biyu. Malam Ƙa'ida na kan kujera mai hannu a gaban tebur, mai aski na gefensa a matsayin sakatare. Ana tattauna launin fentin da za a yi wa allon kwamiti.

Ta yi sallama. Aka amsa ƙasa-ƙasa, kowa na kallon takalminsa.

"Na zo ne a kan jujin nan. Sana'ata ta tsaya, yarinyata ba lafiya. Ina roƙon..."

"Dakata," in ji Malam Ƙa'ida, ya ɗaga biro. "Sakatare, me ƙa'ida ta ce a kan koke?"

Mai aski ya gyara murya. "Koke yana zuwa ne ta bakin mai gida, ranka ya daɗe."

"Kin ji. Ba a hana ki magana ba, wannan zamanin ya wuce. Amma komai da hanyarsa. Ki faɗa wa mai gidanku, shi zai gabatar."

"To ai ga ka nan, Yaya."

"Nan ba yayanki ba ne, shugaba ne. Amma tunda kin taso, ba za a ce an danne ki ba."

Sai ya miƙe daga kujera, ya zagaya tebur, ya ce wa mahauci ya matsa, ya zauna a benci. Ya ɗaga hannu yana fuskantar kujerar da ya bari. Mai aski ya dubi kujerar, ya dube shi, ya ce an ba shi izini. Ya miƙe ya cire hula.

"Ranka ya daɗe shugaba, 'yan kwamiti masu daraja. A madadin gidanmu, ina miƙa godiya bisa karamcin da aka yi mana na ajiye wannan muhimmin aiki a wajenmu. Sai dai wasu daga cikin iyali suna ganin kamar akwai ɗan wari-wari. Na gode."

Ya mayar da hula, ya sake zagaya tebur, ya zauna a kujera, ya haɗe rai.

"Kwamiti ya ji koken wannan gida, kuma ya yaba da ladabin mai gabatarwa."

"Yaya, ba haka na ce ba!" Muryarta ta fita da ƙarfin da ba ta yi niyya ba. "Ku zo ku gani da idonku. Ku shiga ɗakin ku yi ko sallama ce a ciki. Ba a ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo ba? To ni ce mai ɗakin!"

Tsuntsuwa ta kama tari a daidai lokacin, ta riƙe zanin uwarta tana tanƙwarewa. Mai kemis ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya tuna cewa in juji ya tashi daga can dole ya sauka a wani wuri, kuma akwai fili a gefen shagonsa. Ya rufe bakinsa.

"Allah ya sawwaƙe," in ji mahauci. "Sanyi ne. Yara duk haka suke yanzu."

Aka kafa ƙaramin kwamiti na mutum uku don ya binciki warin: mahauci, mai kemis, da mai aski. Suka zaɓi wata safiya bayan an kwana ana ruwa, suka tsaya daga bakin lungu, suka shaƙi iska sau ɗaya, suka koma. A taro na gaba mahauci ya ba da bayani. Wari dai akwai shi, amma daidai gwargwado. Kuma bincike ya nuna ba daga sharar yake ba, don shara busasshiya ba ta wari. Ruwan wankin da ake kwararawa ta ƙofar baya shi ke gangarawa ya jiƙa ta. Saboda haka, don kare lafiyar al'umma, an hana zubar da ruwan wanki a lungu. Aka ɗaga hannu. Malam Ƙa'ida ya ɗaga biyu.

Shi da kansa ya kawo mata hukuncin. Bai ƙaraso ba, daga tsakiyar gida ya tsaya, hankici a hanci.

"Kin ga abin da nake gudu? Da kin bar maganar a cikin gida da ba a kai nan ba. Yanzu ga shi kin tono wa kanki. Ni ba yadda zan yi, jama'a ta yanke."

"To in zuba ruwan a ina, Yaya?"

"Akwai kwata a babban titi."

Haka ta koma. Ɗan wankin da ya rage mata, na wasu gwauraye masu gyaran babur da hancinsu ya saba da hayaƙi, in ta gama sai ta ɗauki ruwan a bokiti, ta ratsa lungu, ta wuce jujin, ta kai babban titi. Ta dawo ta sake cikawa. Bayanta ya riƙe, ƙafafunta suka kumbura. Matan unguwa suna ganin ta, suna yi mata sannu ta kan katanga, da yamma kuma su aiko da shararsu.

Wata rana da hantsi aka dawo da Tsuntsuwa daga makaranta a kafaɗar malamarsu. Ƙirjinta na yin fito kamar an taka kyanwa, leɓɓanta sun yi duhu. Mai Wankau ta bar kaya a ruwa, ta goya ta duk girmanta, ta yi asibiti da gudu ba ko takalmin kirki. Aka sa wa yarinyar abin shaƙa a hanci. Nas ɗin nan da ta daina kawo wanki ita ce a bakin aiki. Da numfashin ya daidaita ta ja uwar gefe.

"Zan gaya miki gaskiya. Magani zai taimaka, amma in ta koma cikin hayaƙin nan, za ki sake kawo ta. Kuma ba kullum ake isowa da wuri ba."

Daga asibiti ba ta wuce sashenta ba. Akwai wani ɗaki a sashen gaba, kusa da falo, mai taga biyu masu kallon titi, wanda ba kowa a ciki. Ta durƙusa a gaban Malam Ƙa'ida, wannan karon har ƙasa.

"Yaya, ba don ni ba. 'Yar ƙaninka ce. Ka bar ta ta riƙa kwana a ɗakin nan, ko ita kaɗai. Ni zan zauna a can."

Ya dubi yarinyar da ke jingine da bango. Ta ga kamar wani abu ya motsa a fuskarsa, har ta fara sa rai. Sai ya tura ƙofar ɗakin. Kujerun roba ne farare, an jera su bisa juna har kusan rufi.

"Kin gani? Kayan jama'a ne, amana ce a hannuna. In na fitar da su rana ta ci, me zan ce wa mutane? A ce shugaba ya fifita iyalinsa a kan al'umma? Abin da ya kashe ƙasar nan ke nan."

"A tura su gefe, Yaya. Tabarma ɗaya ce."

"Sai dai a kai maganar gaban kwamiti. Kuma taron wannan makon an ɗage."

Anti na tsaye a bakin kicin, tana share ido da gefen zani. Da mijin ya juyo, ta koma ciki, aka ji ƙarar tukwane.

Mai Wankau ta miƙe, ta ja hannun 'yarta suka koma sashensu. Tana da wata gwaggo a can ƙarshen gari, mai ɗaki ɗaya da jikoki huɗu. Kashegari ta kira mai kura. Aka ɗora katifa, teburin guga, buhun kaya, baho ɗaya, aka ɗora Tsuntsuwa a sama. Babban bahon bai samu wuri ba, ta ce za ta dawo ta ɗauka. Ta ja ƙofar ɗakin da ta shigo tana amarya, ɗakin da mijinta ya cika a ciki, ta sa kwaɗo.

Malam Ƙa'ida ya fito rumfa, inda wasu 'yan kwamiti ke shan iska.

"Jama'a, ku zama shaida. Ban kore ta ba, ban ce mata ko kanzil ba. Ita ta zauna ta yanke wa kanta shawara. To wannan shi ne 'yancin da muke ta faɗa."

"Mata ba haƙuri," in ji mahauci. "Ɗan wari kawai."

A gidan gwaggo suka takura kamar ashana a kwali, amma tarin ya fara sauƙi. Ba a daɗe ba Tsuntsuwa ta dawo da surutunta har gwaggo ta fara cewa a rufa mata baki. Masu wanki kuwa sai a hankali, don nan ba wanda ya san hannunta. Ranar da ta samu labule masu yawa daga wani gida, ƙaramin baho ya kasa, ta ce bari ta je ta ɗauko babban.

Ta bi ta lungu. Jujin na nan ya ƙara ƙiba, yana hayaƙinsa. Amma ƙofar bayanta an yi mata shuɗin fenti, an kafa allo a sama: Ofishin Kwamitin Ci Gaban Unguwa. Kwaɗonta ba ya nan. An cire igiyoyin shanya, an jera fararen kujerun nan a tsakar gidanta. A cikin ɗakinta kuwa taro ake, zaman farko a sabon ofis. Ta tsaya a bakin ƙofa ba wanda ya lura da ita, don kowa na fama da kansa. Mai aski ya naɗe rawani a hanci. Mai kemis na tari. Mahauci, wanda ya ce wari daidai gwargwado, yana korar ƙuda da hula, idonsa na hawaye.

"Wannan ba zai yiwu ba!" Malam Ƙa'ida ya buga tebur. "Ofishin al'umma guda a gindin juji? Baƙi za su zo daga sama su same mu a haka? Wa ya goyi bayan a tashe shi cikin makon nan?"

Hannuwa suka tashi tun bai rufe baki ba. Ba a nemi ƙaramin kwamiti ba.

Sai ya hango ta. Ko gezau bai yi ba, ya ma washe baki.

"A'a, ƙanwata! Kin zo a daidai. Kin ji da kunnenki, an share miki hawaye. Da kin ƙara ɗan haƙuri, da yanzu kina cikin masu murna. Jama'a, kun ga amfanin tsari? Koke ba ya faɗuwa ƙasa banza."

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Tunda za a kwashe, sai a ba ni ɗakina. Na marainiyar ƙaninka ne, Yaya, kai ma ka sani."

Malam Ƙa'ida ya juya wajen mai aski a hankali.

"Sakatare, wannan baiwar Allah a unguwar nan take da zama?"

Mai aski bai ɗago ba. "Ta tashi, ranka ya daɗe."

"To kin ji. Bisa ƙa'ida, ba mu da hurumin sauraron mutanen wata unguwa. Mu ba ma shiga harkar kowa, kowa da ikonsa. Ki kai wa kwamitin unguwarku, ta bakin mai gidanku."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ba ta wanke wa riga ba a cikinsu, ranar suna ko ranar rasuwa, wani lokacin ma kyauta. Ba wanda ya iya haɗa ido da ita. A gefen tebur ta hango bahonta, an cika shi da ruwa da ƙanƙara, an jera kwalaben lemo a ciki don 'yan kwamiti. Ta taka har tsakiyar ɗakin, ta sunkuya ta kama bakinsa da hannu biyu, ta kifar. Ruwa ya malale ƙarƙashin tebur, kwalabe suka gangara tsakanin ƙafafu, manyan unguwa suka ɗage riguna suna tsalle kamar 'yan kaji.

"Wannan nawa ne," ta ce. "Ko shi ma sai ta bakin mai gida?"

Ta ɗora bahon a ka ta fito. Ba ta yi sauri ba. Tana tsakar gidan tana gyara mayafi ta ji Malam Ƙa'ida ya yi gyaran murya, ya ce a yi haƙuri da halin mata, a koma kan aiki, saura a tsayar da inda za a mayar da jujin. Ta san kowa ya sunkuyar da kai yana addu'a kar a ambaci layinsu.

Har ta sa ƙafa a lungu ta jiyo muryarsa, a natse, irin ta mai neman maslaha.

"To jama'a, ku ɗan duba mana. Wane gida ne bai turo kowa ba yau?"